Fachi Ta Wa Ce? Yadda Iyaka Ta Yi Ta Yawo A Kan Ƙasar Kawar

 

Yau za mu taɓo wata gardama da ke yawan tashi a majalisa da cikin wayoyi. Wani sai ya turo tsohuwar taswirar daular Kanem-Borno, ya ce ai duk ƙasar nan ta Barebari ce tun fil azal. Wani ya ce ina, Sarkin Abzin ne mai ita. Wani ya ce kafin su duka akwai Tubawa. Can kuma sai ka ji an tuno da taswirar zamanin Gaddafi. To gaskiyar magana, kowane ɗayansu akwai shekarun da zancensa ya yi daidai. Rigimar tana ga wace shekara za a tsaya a kai, kuma wa zai zaɓe ta. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin daki-daki.

Mu fara da garin kansa. Fachi, wadda mutanenta Barebari ke kira Agram, tana tsakiyar Tenere, kimanin kilomita 160 yamma da Bilma. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar ba su wuce 2,200 da 'yan kai ba. Gari ne ƙarami, amma yana da abu uku da suka sa manyan dauloli suka sa masa ido: ruwa, gishiri da dabino. Abin da ba shi da shi kuwa shi ne hatsi. Ku riƙe wannan, don shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya. Garin da ke haƙo gishiri amma tuwonsa na zuwa a bayan raƙumi daga Damargu da ƙasar Hausa, dole ya san da wa zai yi zaman lafiya.

Zamanin Kanem da Borno

Tun a ƙarni na 9 marubutan Larabawa, irin su Al-Yaƙubi, suka ambaci Kawar a kan hanyar fatake da ke haɗa Fazzan da tafkin Cadi. A ƙarni na 12 Al-Idrisi ya yi maganar garuruwanta da alif ɗin da ake fitarwa daga cikinta. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, ikon Kanem ya miƙe arewa har Fazzan, cikin Libiya ta yau. Wato da za a ce tsohuwar taswira ce hujja, to da mutanen tafkin Cadi ne za su nemi kudancin Libiya, ba Libiya ce za ta nemi namu ba.

A ƙarni na 16 aka yi wata rigimar iyaka da takardu suka adana. Turkawan Santambul sun kama Tarabulus a 1551, daga baya suka gangaro Fazzan. Mai Idris Aloma na Borno ya aika manzanni ga Sarkin Santambul Murad na Uku, yana neman a mayar masa da wani sansani da Turkawa suka ƙwace, kuma a tsare wa fatake da alhazai hanya. A 1577 amsa ta zo: batun tsaron hanya an yarda, batun sansani kuwa an ƙi. Shi dai wannan Mai Idris, tarihin yaƙe-yaƙensa ya nuna ya kawo yaƙi Kawar da Agram, ya kuma yi zama a Bilma. Don haka masu cewa Fachi ta taɓa zama ƙarƙashin Borno ba su yi ƙarya ba. Harshenmu da sarautar Mai shaida ne.

Sai dai mu lura da ma'anar iko a wancan zamani. Ba wanda ya kafa dutse a cikin rairayi ya ce daga nan zuwa nan nawa ne. Sarki yana mulkin rijiya da hanya da mutanen da ke kai masa gaisuwa. Tsakanin wannan rijiya da waccan, mai raƙumi da takobi ne sarki. In sarki ya yi ƙarfi, ikonsa ya kai rijiya ta gaba. In ya yi rauni, ya janye ba tare da an shafe wani layi ba, don dama ba a ja shi ba.

Zamanin Abzinawa

Sarautar Agadas ta kafu a farkon ƙarni na 15, kuma gaba tsakaninta da Borno ta daɗe. A tsakiyar ƙarni na 18, wajen 1759 zuwa 1760, masana tarihi sun ruwaito cewa an gwabza a kusa da rijiyar Ashegur, Abzinawa suka rinjayi rundunar Borno. Daga nan cinikin gishirin Bilma da Fachi ya koma hannunsu, musamman Kel Ewe da Kel Geres. Kowace shekara ayari ya taso daga Abzin da hatsi da tufafi, ya ratsa Tenere, ya sauka Fachi ko ya zarce Bilma, ya ɗauki kantu da beza da dabino, ya koma, sannan ya gangara Damagaram da Katsina da Kano da Sakkwato. Bature Heinrich Barth ya ga wannan ayari da idonsa a Abzin a 1850, har ya bi shi zuwa kudu. A farkon ƙarni na 20 an ƙidaya ayari mai raƙuma wajen 20,000.

To a wannan lokaci Fachi ta wa ce? Mutanenta Barebari ne masu Mai nasu. Hatsinta da kasuwarta suna hannun Abzinawa. Tubawa maƙwabta ne, wata rana aure da ciniki, wata rana hari. A ƙarni na 19 kuma ga Larabawan Aulad Sulaiman da suka addabi hanya. Tsohuwar ganuwar Dada da rumbunan da ke cikinta suna nan tsaye, suna gaya mana irin zaman da kakanni suka yi: in ƙura ta taso daga nesa, a kwashe mata da yara da hatsi a shige ciki. Mutanen da suka gina wannan ganuwa sun san cewa babu wani sarki na nesa da zai iso kafin maharan su iso.

Sannan ga Sanusiyya. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ɗariƙar ta buɗe zawiya a Kawar, tana karantarwa tana sulhunta mutane. Shugabanta ya koma Kufra a 1895, sannan Guro a arewacin Cadi a 1899. Ita ma tana da nata irin ikon, wanda ba na sarauta ba ne kuma ba na taswira ba. Za mu sake gamuwa da sunanta nan gaba, a gaban alƙalai.

Lokacin da alƙalami ya shigo

A ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya, suka ja layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. Kudu na Ingilishi, arewa na Faransa. A ranar da aka sa hannu babu sojan Faransa ko ɗaya da ya taɓa shan ruwan Fachi, amma a takarda mun zama rabonsu. Wannan layi ne aka yi ta gyarawa a 1898 da 1904 da 1906, saboda Faransawa sun ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Gyare-gyaren nan ne suka bar Maraɗi a gefe guda Katsina a gefe guda, Ƙonni nan Illela can.

Turkawa ba su yi shiru ba. A watan Oktoba na 1890 gwamnatin Santambul ta aika wa Turawa takarda tana cewa bayan gidan Tarabulus nata ne, ta lissafa Kawar da Tibesti, har Kanem da Borno da Wadai. A ranar 21 ga Maris 1899 Ingila da Faransa suka sake zama, bayan sun kusa faɗa a Fashoda, suka raba gabashin Sahara ba tare da sun tambayi Turkawa ba. Santambul ta yi ƙorafi, ba wanda ya saurare ta. Ka ga ƙasa ɗaya, a shekaru goma, ta shiga taswirar dauloli biyu, alhali masu haƙar gishiri suna can cikin ramukansu ba su san an yi ba.

Abin da ya raba gardamar shi ne wa ya riga isowa da bindiga. Faransawa suka zauna Agadas, suka kuma kafa bariki a Bilma a watan Yuli 1906. A wannan shekarar ce Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya ratso daga Tarabulus ta Murzuk zuwa Borno, ya tarar da su a Kawar. Turkawa kuwa sai suka tura 'yan sojoji Tibesti, suka kafa tuta a Bardai. Da an ci gaba a haka da an yi ta ja-in-ja, amma a 1911 Italiya ta far wa Tarabulus, a 1912 Turkawa suka sallama. Italiya ta gaji ƙasar, ta kuma gaji da'awar.

Daga Bilma ne rundunar Faransa ta tashi ta hau Tibesti a 1913 da 1914. Ba ta daɗe ba. A 1916 suka janye, a watan Disamba na shekarar kuma Kawusan ya yi wa barikin Agadas ƙawanya tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, har zuwa Maris 1917. Abin da ya biyo baya na kisa da ƙwace raƙuma da gudun hijira ya karya Abzin, kuma duk abin da ya taɓa raƙumin Abzin ya taɓa tukunyar Fachi.

Ga wani abu da matasa da yawa ba su sani ba: Tibesti ta taɓa zama cikin Nijar. Faransawa sun lissafa ta cikin yankin da ake mulka daga Zinder, sai a ƙarshen 1929 suka yanke shawarar mayar da ita Cadi, abin ya tabbata a 1930. Babu yaƙi, babu ƙuri'a. Takarda ce kawai daga wannan ofis zuwa wancan, Batube na Kawar da ɗan uwansa na Bardai suka wayi gari a ƙasashe biyu. Haka ma iyakarmu da Aljeriya: asalinta yarjejeniya ce da hafsoshin Faransa na ɓangarorin biyu suka yi a Yamai a 1909.

Tummo da Auzu

Yanzu mu zo kan wurin da har gobe ake ambata. Tummo rijiya ce da duwatsu a kan tsohuwar hanyar Murzuk, arewa da Madama. A watan Satumba 1919 Faransa da Italiya suka amince iyakar Libiya ta bi daga Gadamas zuwa Gat zuwa Tummo. Musolini bai ƙoshi ba. A ranar 7 ga Janairu 1935 ministan Faransa Laval ya sa hannu da shi a kan wata yarjejeniya wadda ta ja sabon layi daga Tummo zuwa kudu maso gabas, ta ba Italiya zirin Auzu, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 114,000. Amma ba a taɓa musayar takardun tabbatarwa ba, kuma a Disamba 1938 Italiya da kanta ta ce ta fasa. Yarjejeniyar ta mutu a jaririya, sai dai an riga an buga taswirori da layinta.

Libiya ta sami 'yanci a Disamba 1951. A ranar 10 ga Agusta 1955 gwamnatin Sarki Idris ta sa hannu da Faransa a kan yarjejeniyar abota da maƙwabtaka. A cikinta aka lissafa tsofaffin takardun da iyaka za ta dogara a kansu, har da na 1899 da na 1919. Ta 1935 ba ta cikin lissafin. Nijar ta sami nata 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, ta gaji wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 350. A Yuli 1964 kuma, a Alƙahira, shugabannin Afirka suka yi alkawarin mutunta iyakokin da suka tarar ranar samun 'yanci.

Gaddafi ya hau mulki a 1969, ya tono matacciyar takardar 1935. A 1973 sojojinsa suka shiga Auzu. A 1976 aka ga taswirar Libiya da ta haɗiye wani yanki na arewa maso gabashin Nijar, wajen Tummo, kusan murabba'in kilomita 20,000. Dangantaka ta yi tsami a zamanin Seyni Kountché, har aka dakatar da hulɗar jakadanci a 1981. Allah Ya rufa asiri, tsakaninmu da su ba a kai ga yaƙi ba.

Cadi ba ta yi wannan sa'a ba. An yi shekaru ana zubar da jini, har zuwa 1987, shekarar Fada da Wadi Dum, inda dubban mutane suka halaka. Bayan kowa ya gaji sai aka tafi Kotun Duniya ta Hague. A can Libiya ta shimfiɗa duk tarihin da muka ambata: ta ce ita ce magajiyar Turkawa, ita ce magajiyar Sanusiyya, ita ce magajiyar Italiya. Alƙalai suka ce ba sai an shiga wannan dogon zance ba, tunda akwai takardar da Libiya mai 'yanci ta sa wa hannu da kanta a 1955. Ranar 3 ga Fabrairu 1994 aka yanke hukunci, alƙalai 16 a kan 1, Auzu ta Cadi ce. Kafin ƙarshen watan Mayu sojojin Libiya suka fice. Wannan hukunci ya shafe mu kai tsaye, domin takardar da ta tsare wa Cadi Auzu ita ce ta zayyana iyakarmu ta wajen Tummo.

Gemun ɗan uwa

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu leƙa nesa kaɗan, don irin wannan ciwo ba a Sahara kaɗai yake ba. A tsaunukan Kafkas akwai wani yanki da ake kira Nagorno-Karabak. Kafin Satumba 2023 yawancin mazaunansa Armeniyawa ne, suna da tsofaffin majami'u da kaburbura da suke nunawa. Azarbaijan ma tana da nata tarihin sarakuna da garuruwa a wurin. A 1921 shugabannin Sobiyet suka bar yankin cikin Azarbaijan, a 1923 suka ja masa iyaka ta cikin gida, irin dai yadda aka yi da Tibesti daga ofis zuwa ofis. Da daular ta fara rushewa sai kowa ya fito da taswirarsa. Aka yi yaƙi har zuwa Mayu 1994, watan da Libiya ke ficewa daga Auzu, Armeniyawa suka yi rinjaye, dubban ɗaruruwan 'yan Azarbaijan suka rasa gidajensu. A 2020 aka sake yin kwana 44 ana yaƙi, reshe ya juye da mujiya. A Satumba 2023 sama da Armeniyawa 100,000 suka bar yankin cikin 'yan kwanaki. Kowane ɓangare yana da tarihi na gaskiya a hannunsa, kuma tarihin bai hana kowane ɓangare kwana a sansanin gudun hijira ba.

Mu a nan mun ga ɗaya hanyar. Rigimar tsibirin Lete tsakaninmu da Benin ta faro tun farkon shekarun 1960, Kotun Duniya ta raba ta a Yuli 2005, tsibirin ya zo Nijar. Ta Burkina Faso aka yanke a Afrilu 2013. Najeriya da Kamaru ma haka suka yi a kan Bakasi a 2002. Hukuncin kotu ba ya yi wa kowa daɗi, amma wanda aka kayar a kotu yana komawa gida da 'ya'yansa a raye.

To Fachi ta wa ce?

Amsa a fili take: Fachi gunduma ce cikin gundumomi huɗu na Bilma, tare da Bilma da Dirku da Jado, a jihar Agadas, Jamhuriyar Nijar. Layin da ya sa haka Turawa ne suka ja shi, ba su shawarci kakanninmu ba, wannan ba a musu. Amma duk wanda ya ce a goge shi a koma na da, sai mu tambaye shi: na wace shekara? Na 1250, lokacin da Kanem ke Fazzan? Na 1800, lokacin da Kel Ewe ke riƙe da hanya? Na 1890 na Turkawa, ko na 1925 lokacin da Bardai ke cikin Nijar? Duk shekarar da ka zaɓa, maƙwabcinka yana da wata da ta fi yi masa daɗi, kuma tasa ma gaskiya ce. Babarbare da Batube da Ba'abzine da Bahaushe duk suna da kaka a kan wannan hanya. Ba a raba hanta da jini.

Sai dai akwai magana ta biyu, kuma wannan ta hukuma ce. Tarihin da muka bi ya nuna cewa duk daular da ta riƙe Kawar da gaske, ta riƙe ta ne saboda ta tsare hanya kuma hatsi ya iso. Ranar da Borno ta kasa, mutane suka juya ga Abzin. Takardar 1955 tana kare iyaka a gaban alƙali, amma ba ta kai mai naƙuda asibiti, ba ta sauko da kuɗin buhun hatsi ba, ba ta sa malami ya zauna a lakwal har ƙarshen shekara ba. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 idon duniya ya dawo wannan yanki, ga motoci, ga baƙi, ga makamai da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Ayarin raƙuma ya ragu, matasa suna barin ramukan gishiri suna nufar Jado da Sabha. In ɗan Fachi ya ga abincinsa da man motarsa da aikinsa duk daga arewa suke zuwa, daga kudu kuwa sai takardar haraji, to mai tsohuwar taswira zai sami mai saurarensa. Tuta a Madama tana da muhimmanci, amma rijiya mai kyau da magani a Fachi su ma tsaron iyaka ne.

Namu aikin kuma, jama'a, mu rage tura taswirar da ba mu san wa ya zana ta ba, ko a wace shekara, ko don me. In an turo maka, tambayi waɗannan ukun kafin ka tura gaba. Mu zauna da dattawanmu mu naɗi abin da suka ji daga iyayensu game da ayari da hari da zuwan Nasara, tun suna raye. Mu kula da ganuwar Dada kada ta zube a idonmu. Tarihin nan namu ne mu duka, mu koya wa yara shi cikakke, da inda muka yi rinjaye da inda aka rinjaye mu.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kiyaye matafiyanmu a cikin Tenere, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Mu kwana nan, sai mun sake haɗuwa.